Kama da Wane Ba Ta Wane: Darasin Farin Ɓera Mai Baƙin Ido

Duk manomin da ya taɓa shuka hatsi bayan ruwan farko, ya koma bayan kwana biyar ya tarar da gona ba tsiro, ya san tambayar da ke hana barci: laifin iri ne, ko laifin ƙasa? Gonar da aka zuba wa mataccen iri da gonar da ƙasarta ta gaji, in an hango su daga bakin hanya, kamarsu ɗaya. Maganinsu kuwa ya sha bamban. Ta farko sabon iri take bukata. Ta biyu ko an juye mata buhu goma na iri mafi kyau, ba abin da zai fito sai an gyara ƙasar. Wanda ya kasa rarrabe su zai yi hasarar kuɗinsa da damanarsa gaba ɗaya.

Wannan tambaya ta manomi ita ce masana suka shafe shekara fiye da 60 suna yi a kan wani ɗan ɓera, ko kusu in ji mutanen Maraɗi da Tawa, da ake kiwo a ɗakunan bincike na ƙasashen waje. Amsar da suka samu ta kai ga maganin wani ciwon daji na hanji, ta bayyana dalilin farin tabon da ake haihuwar wasu mutane da shi, har ta shiga cikin aikin da ake yi kan ciwon sikila, wanda ya addabi gidaje da yawa a Nijar.

Ɓera ɗaya, ciwo uku

Tun farkon ƙarni na 20 masu kiwon ɓeraye a Turai da Amurka suka lura da wani jinsi mai farin tabo a ciki, wani lokaci har da fararen ƙafafu. Aka laƙaba wa wannan hali harafin W, wato harafin farko na kalmar fari a Ingilishi. Ɓeran da ya gaji halin daga uwa kaɗai, ko daga uba kaɗai, lafiyarsa lau, yana ci yana haihuwa. Amma in aka haɗa mace da namiji masu tabo, ɗaya cikin huɗu na ɗiyansu yakan gaji halin ta ɓangare biyu, a haife shi a koɗe, ya mutu cikin ƴan kwanaki. A 1927 wata masaniya Ba'amurkiya, Sophie de Aberle, ta nuna cewa ƙarancin jini ne na gado ke kashe su.

A 1937, a laboratuwar Jackson da ke garin Bar Harbor, jihar Maine ta Amurka, aka gano wani reshe na wannan hali mai ɗan sauƙi, aka sa masa suna Wv. Ɗan da ya gaji W daga ɓangare ɗaya da Wv daga ɗaya ɓangaren yana rayuwa har ya girma, sai dai da lahani uku. Gashinsa fari fat, idonsa baƙi ƙirin. Jajayen ƙwayoyin jininsa sun yi ƙaranci, kuma kowace ta fi ta lafiyayyen ɓera girma. Sa'an nan, mace ko namiji, ba ya haihuwa. Tun da ba ya haihuwa, duk mai bukatarsa tilas ya riƙa haɗa iyaye masu tabo, ya jira rubu'in ɗiyansu, shekara da shekaru.

Laboratuwar Jackson, wadda Clarence Little ya kafa a 1929, ta ƙone a gobarar daji ta 1947, ɓeraye kimanin dubu 90 suka hallaka. Masana na wurare daban-daban da suka taɓa karɓar iri daga can suka maido da shi, aka sake kafa garke. Wadda ta kula da aikin tattarawar ita ce Elizabeth Russell, wadda ta rayu daga 1913 zuwa 2001, kuma ita ce ta ba da mafi yawan shekarunta na aiki ga farin ɓeran nan.

Fataken cikin jiki

Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne: me ya haɗa jini da launi da haihuwa, har lahani guda ya taɓa su tare? Ɓargo ke yin jini, fata ke ɗauke da launi, maraina da ma'ajiyar ƙwai ke da alhakin haihuwa. A zahiri ba su da dangantaka.

Amsar tana cikin kwanakin da ɗan tayi ke ginuwa, kuma cikin ɓera bai wuce mako uku ba. Jiki an gina shi da ƙananan ƙwayoyi masu rai da ido ba ya gani. Mafi yawansu inda aka haife su nan suke zama. Amma akwai waɗanda fatake ne, ana haihuwarsu a wani wuri, su yi doguwar tafiya zuwa inda za su yi aiki, suna hayayyafa a kan hanya. Ƙwayoyin da ke rina fata da gashi suna tasowa daga gadon baya, su gangaro ta haƙarƙari zuwa ciki da ƙafafu. Ƙwayoyin da za su zama maniyyi ko ƙwai suna tasowa daga can ƙarshen jikin tayi, su bi ta bangon hanji har su isa masaukinsu. Uwayen ƙwayoyin jini kuwa sai sun yi zango a hanta kafin su tare a ɓargo.

A 1957 Beatrice Mintz da Elizabeth Russell suka ƙirga ƙwayoyin haihuwa cikin tayin ɓera, kwana bayan kwana. A lafiyayyen tayi, ƴan ƙalilan da suka tashi sukan isa masauki sun zama dubbai. A tayin W kuwa ayarin yakan tashi, amma ba ya ƙaruwa, kuma kaɗan ke kaiwa. Haka abin yake ga ƙwayoyin launi. Shi ya sa ɓera mai rabin lahani yake da tabo a ciki da ƙafafu: nan ne kasuwa mafi nisa daga gadon baya, ayari ya ƙare kafin ya kai.

Baƙin idon ma yana da bayani, kuma shi ke raba wannan ɓera da zabiya. Zabiya yana da ƙwayoyin rini cikakku a fatarsa, abin rinin ne jikinsa ba ya iya haɗawa, kamar marina cike da ma'aikata amma babu baba. Don haka ɓera zabiya idonsa ja ne. Shi kuwa ɓeran W babansa na nan, marinan ne ba su iso fata ba. Ƙwayoyin da ke baƙanta bayan ido ba fatake ba ne, a nan suke tsirowa, saboda haka lahanin bai same su ba.

Iri ko ƙasa

A 1956, a laboratuwar Oak Ridge ta jihar Tennessee, aka ba da labarin wani ɓera dabam, aka kira shi Steel, ma'ana ƙarfe, saboda launin gashin masu rabin lahani. Mai cikakken lahani da ya rayu, in aka ajiye shi kusa da ɓeran W, ba mai iya rarrabe su: farin gashi, baƙin ido, ƙarancin jini, rashin haihuwa. Sai dai lissafin gado ya nuna lahanin biyu ba wuri ɗaya suke ba. Na W yana kan zaren gado na 5, na Steel yana kan na 10.

Gwajin dashe ne ya tona bambancin. A 1959 Seldon Bernstein da Elizabeth Russell suka ɗura wa ɓeran W ƙwayoyin yin jini na lafiyayyen ɗan'uwansa. Ƙwayoyin suka kama, suka hayayyafa, ƙarancin jinin ya warke. Abin lura shi ne ba a bukaci ƙona ɓargonsa da haske mai ƙarfi ba tukuna, kamar yadda ake yi wa lafiyayyen ɓera kafin dashe. Nasa ƙwayoyin raunana ne, baƙin suka ture su cikin sauƙi.

Da aka yi wa ɓeran Steel irin wannan dashe, bai warke ba. A 1965 Ernest McCulloch da James Till na birnin Toronto a Kanada, tare da abokan aikinsu da masanan Jackson, suka juya gwajin: suka ɗauki ɓargon ɓeran Steel, mai ciwo, suka dasa wa ɓeran W, mai ciwo. Ɓeran W ya warke. Ashe ƙwayoyin jinin Steel lafiyarsu lau, ɓargon da suke zaune ciki ne ba ya ciyar da su. W mataccen iri ne a gona mai kyau, Steel kuwa iri ne mai kyau a gajiyayyar gona. A 1968 gwajin dashen fatar tayi ya nuna haka abin yake ga launi.

Gwaji mafi ban mamaki ya zo a shekara ta 2000 daga ɗakin binciken Ralph Brinster a jami'ar Pennsylvania. Aka ɗebi uwayen ƙwayoyin maniyyi daga namijin Steel, wanda ba ya haihuwa, aka zuba cikin marainan namijin W, wanda shi ma ba ya haihuwa. Ɓeran W ya yi barbara, aka samu ɗiya. Kowannensu yana riƙe da rabin da ɗayan ya rasa.

Kyanwa ta warware matsalar ɓera

Har zuwa tsakiyar shekarun 1980 ba wanda ya san ainihin abin da ya lalace cikin ƙwayar W, ko abin da gonar Steel ta rasa. Hasken ya fito daga inda ba a zata ba. A 1986 Peter Besmer da abokan aikinsa a birnin New York suna binciken wata ƙwayar cuta da aka samo daga ƙarin ciwon daji na wata kyanwa. Suka tarar tana ɗauke da wata ƙwayar gado da ta sato daga jikin kyanwar, suka sa mata suna kit. Nan da nan aka gane mutum da ɓera duka suna da irinta. A 1988 ƙungiyoyin masana biyu, ɗaya a Toronto, ɗaya a jihar Massachusetts ta Amurka, suka tabbatar cewa kit ita ce W.

Abin da kit ke ƙerawa kamar kunne yake a bayan ƙwayar jiki. Yana jiran wani kira daga ƙwayoyin da ke kewaye, kiran da ke cewa: rayu, hayayyafa, ci gaba da tafiya. A 1990 ƙungiyoyi da dama, har da na kamfanonin Amgen da Immunex, suka gano sinadarin da ke yin wannan kira, suka kuma nuna cewa shi ne ya lalace a ɓeran Steel. Ɓeran W kurma ne a gari mai sanƙira. Ɓeran Steel kunnensa garau, garin ne babu mai shela. Ko ta wace hanya saƙo bai isa ba, shi ya sa ciwon ya zama iri ɗaya a ido.

A tsakanin haka an gano wasu ƙwayoyi biyu da su ma ke dogara ga wannan kunne. A 1978 Yukihiko Kitamura na birnin Osaka a Japan ya nuna cewa ɓeran W ba shi da ko ɗaya cikin ɗari na ƙwayoyin da ke haddasa ƙaiƙayi da kumburi, kamar na borin jini ko harbin zuma. Tun daga nan ya zama dabbar da masu binciken asma da borin jini suka daɗe suna aiki da ita. Tsakanin 1992 da 1995 kuma, masana a Japan da Amurka da Kanada suka nuna cewa ƙwayoyin da ke ba hanji kiɗan motsinsa, waɗanda ake kira da sunan masanin Sipaniya Ramón y Cajal, sun ɓace daga wani sashe na ƙaramin hanjin ɓeran W.

Daga ɓera zuwa mutum

A 1991 aka tabbatar cewa lahani a ƙwayar kit shi ke sa a haifi mutum da farin gashi a goshi da fararen tabo a ƙirji, ciki da gwiwoyi. Waɗannan mutane daidai suke da ɓera mai rabin lahani: jininsu lafiya, haihuwarsu lafiya. Tabon tun ranar haihuwa yake, yana bin zuri'a, ba kuturta ba ne, kuma ba a ɗaukarsa ta cuɗanya ko cin abinci tare. Duk wanda ya ƙyamaci mai irin wannan tabo ya yi masa zalunci a kan rashin sani.

Kunne yana iya lalacewa ta wata fuskar kuma: maimakon kurunta, ya riƙa jin kira ba dare ba rana alhali ba wanda ya yi kiran. A 1998 Seiichi Hirota da Kitamura suka nuna cewa wannan shi ne asalin wani ciwon daji na tumbi da hanji da likitoci ke kira GIST, wanda ke tasowa daga dangin ƙwayoyin Cajal. Ciwo ne da magungunan daji na lokacin ba sa taɓawa. In ya bazu, yawancin masu shi ba sa wuce shekara ɗaya ko biyu.

A daidai wannan lokaci kamfanin Novartis yana gwajin wani magani, imatinib, wanda aka sani da sunan Glivec, don wani ciwon daji na jini. An lura maganin yana toshe kunnen kit ma. A shekara ta 2000 likitoci a birnin Helsinki na ƙasar Finlan suka ba wata mata da ciwon ya bazu a hantarta, ƙarin ya motse cikin ƴan makonni. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don GIST a 2002, kuma a gwajin farko rabin marasa lafiyar sun kai kusan shekara biyar ko sun zarce. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sa shi cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Likitoci sun kuma lura cewa fatar wasu masu shan maganin takan yi haske, musamman baƙaƙen fata, domin kunnen da aka toshe a hanji shi ne dai na ƙwayoyin rini.

Abin da ya shafi mai sikila

Sikila, wadda mutane da yawa a Nijar ke kira emasi, ba ta da alaƙa da ƙwayar kit. Lahaninta yana cikin sinadarin da ke ɗaukar iska a jan jini. Amma a ma'aunin manomi ciwon iri ce: ɓargo lafiya yake, uwayen ƙwayoyin jini ne ke ɗauke da lahanin. Don haka dashe yana iya warkar da ita kamar yadda ya warkar da ɓeran W. Rahoton farko na hakan ya fito a 1984, game da wata yarinya a Amurka da aka yi wa dashen ɓargo saboda ciwon daji na jini, sikilarta ta tafi tare da shi.

Wahalar ita ce kafin a dasa sabon iri tilas a share tsohon da magunguna masu dafi, waɗanda sau da yawa ke kashe haihuwa. A nan masana suka tuna cewa ɓeran W ya karɓi dashe ba tare da an ƙona ɓargonsa ba. A 2007 masanan jami'ar Stanford suka nuna a jikin ɓeraye cewa in aka toshe kunnen kit na ɗan lokaci, tsofaffin ƙwayoyin sukan saki wurinsu, sababbi su zauna. Daga bisani aka soma gwada wannan dabara ga mutane, har da masu sikila. Sinadarin kiran da aka gano daga ɓeran Steel kuwa yana cikin abin da ake ciyar da uwayen ƙwayoyin jini da shi in an fitar da su daga jiki don a gyara su.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa maganin ya iso Yamai ko Damagaram. Maganin gyaran gado na farko da Ingila da Amurka suka amince da shi don sikila a ƙarshen 2023, Casgevy, an sa masa farashin dalar Amurka miliyan 2,2 ga mutum ɗaya, abin da ya haura miliyar ɗaya na kuɗin sefa. Abin da ke hannun kowa tun yanzu shi ne lissafin nan na ɗaya cikin huɗu. Kamar iyayen ɓeran W, mace da namiji masu rabin gadon sikila lafiyarsu lau a ido, amma kowane ciki da suka samu yana da hatsarin ɗaya cikin huɗu. Gwajin jini kafin ɗaurin aure ke nuna hakan.

Gwaji kafin hukunci

Da masana sun tsaya ga abin da ido ya gani, da sun zuba W da Steel a kwando ɗaya, sun ba su magani ɗaya, rabi ya warke rabi ya ƙi, ba a san dalili ba. Dashe da ƙirga da haƙurin shekaru suka raba su. Wannan ya isa tunatarwa ga gidajen da ake ɗora wa mace laifin rashin haihuwa ba tare da an gwada kowa ba, alhali likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin irin waɗannan ma'aurata akwai matsala a ɓangaren namiji. Haka ga mai ƙarancin jini da ke sayen maganin ƙarin jini a tebur: zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, ƙarancin abinci mai gina jini da sikila duka suna koɗar da ido da tafin hannu, kowanne kuwa da maganinsa.

Akwai kuma lissafin ɗan kasuwa, wanda ya kamata masu tsara kasafin kuɗin gwamnati su duba. Daga rahoton de Aberle na 1927 zuwa amincewa da imatinib a 2002 shekara 75 ne. A mafi yawan waɗannan shekaru, wanda ya leƙa ɗakin Elizabeth Russell ba abin da zai gani sai mace tana ciyar da ɓerayen da ba sa haihuwa, tana ƙirga ƙwayoyin jininsu. Ba mai iya nuna ribar wannan jari a ƙarshen shekara. Ita kanta ta rasu a 2001, shekara ɗaya kafin a amince da maganin don ciwon hanjin. Amma ƙasar da ta ci gaba da biyan kuɗin abincin ɓerayen, har ta sake gina musu ɗaki bayan gobara, tana cikin masu sayar wa duniya magani, sauran ƙasashe suna saye da tsada.